Yadda Ake Bin Fashewar Hasken Gamma da Ragowar Haskenta Kafin Ya Dushe

Fashewar hasken gamma, wato nau'in hasken da ya fi kowane ƙarfi kuma ido ba ya ganinsa, takan ɗauki daga ƙasa da daƙiƙa ɗaya zuwa 'yan mintuna, kuma a cikin wannan ɗan lokaci takan fi duk wani abu da ke fitar da irin wannan haske a sararin samaniya ƙarfi. Ba a san daga wace kusurwa za ta zo ba, ba a san ranar ba, kuma ba ta maimaita kanta a wuri ɗaya. Taurarin ɗan Adam na sojan Amurka masu suna Vela, waɗanda aka harba domin sa ido kan gwajin makaman nukiliya, su ne suka fara jin ta a shekarar 1967, aka bayyana wa duniya a 1973, sannan aka shafe fiye da shekara ashirin ana gardama kan ko daga cikin gungun taurarinmu, wanda ranarmu ke cikinsa, take ko daga can nesa. Abin da ya raba gardamar shi ne ragowar hasken da fashewar ke bari a baya. A ranar 28 ga Fabrairu 1997 tauraron ɗan Adam na Italiya da Holan mai suna BeppoSAX ya juya ya dubi wurin da wata fashewa ta auku, sa'o'i takwas bayanta, ya tarar da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, yana dusashewa, kuma kafin kwana ɗaya ya cika madubin hangen nesa na William Herschel da ke tsibirin La Palma ya ɗauki hoton wurin da hasken da ido ke gani. Tun daga ranar aikin ya zama tsere da lokaci, domin kusan duk abin da aka sani game da waɗannan fashe-fashe, nisansu da ƙarfinsu da irin taurarin da suka haife su, daga wannan ragowar haske aka samo shi.

Kafin a shiga matakan aiki, ya kamata mai lura ya san abin da yake bi. Idan wani ƙaton tauraro ya ƙare makamashinsa cibiyarsa ta rufta ta zama baƙin rami, wato wurin da ko haske ba ya iya kuɓuta daga jansa, ko kuma idan taurarin niyutiron biyu, wato dunƙulallun cibiyoyin matattun taurari, suka yi karo suka haɗe, sai wani siririn feshi na abu ya fito da gudun da ya kusa kai na haske. Hasken gamma na farko daga cikin feshin kansa yake fitowa. Bayan haka feshin yakan afka wa iskar gas da ke kewaye, ya tura ta gaba, ya zafafa ƙwayoyin lantarki da ke cikinta, su kuma su riƙa fitar da haske yayin da suke karkaɗawa a cikin maganaɗisu. Wannan shi ne ragowar hasken, kamar garwashin da ke ci gaba da ja bayan harshen wuta ya mutu. Yayin da feshin ke rage gudu, hasken yakan yi rauni, ƙarfinsa kuma ya gangaro daga eksire zuwa hasken ido, daga nan zuwa infirared, wato hasken da ke gaba da ja wanda ido ba ya gani, daga ƙarshe zuwa zangon rediyo. Shi ya sa babu na'ura ɗaya da za ta iya ba da labarin gaba ɗaya, kuma shi ya sa kowane zango ke da lokacin da ya fi dacewa a neme shi.

Mataki na farko ana yin sa ne tun kafin wata fashewa ta auku, wato shiga hanyar samun sanarwa. Iskar da ke lulluɓe da duniya ba ta barin hasken gamma da na eksire su iso ƙasa, saboda haka daga sama labari ke zuwa. Tauraron Swift, wanda aka harba a Nuwamba 2004, an ƙera shi da na'ura mai faɗin gani da ke gano fashewa ta ƙididdige wurinta cikin daƙiƙoƙi, sannan tauraron ya juya da kansa ya fuskanci wurin cikin minti ɗaya ko biyu da madubinsa na eksire da kuma ƙaramin madubinsa na hasken ido da UV, wato hasken da ke gaba da shuɗi wanda ido ba ya gani. Tauraron Fermi, wanda aka harba a Yuni 2008, yana gano fashe-fashe fiye da ɗari biyu a shekara, amma ba ya iya nuna wurinsu daidai. A 2024 an ƙara da Einstein Probe na ƙasar Sin da kuma SVOM na haɗin gwiwar Sin da Faransa. Dukkansu suna aika abin da suka gani ta hanyar tsarin GCN na hukumar NASA, wanda Scott Barthelmy ya kafa a cibiyar Goddard a farkon shekarun 1990, kuma kowa na iya yin rajista kyauta. Saƙonnin iri biyu ne: akwai sanarwar da kwamfuta ke fitarwa kai tsaye cikin daƙiƙoƙi, mai ɗauke da lokaci da wuri da girman kuskure, akwai kuma gajerun rahotanni da masu lura ke rubutawa da hannunsu a sa'o'in da ke biyo baya. Wanda ke son kama hasken da wuri dole ya haɗa nau'in farko da wayarsa ko da kwamfutar da ke sarrafa madubinsa, ya kuma tace su ta yadda sai waɗanda ke saman sararinsa cikin dare za su tashe shi.

Sunan kowace fashewa kwanan watanta ne, da GRB a gaba, wato gajeren sunan irin wannan fashewa da Turanci: GRB 221009A na nufin ta farko da aka sanar a ranar 9 ga Oktoba 2022. Lokacin da ke cikin sanarwa kuwa lokacin duniya ne na UT, wanda ya yi daidai da agogon Ghana, amma agogon Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi ya wuce shi da sa'a ɗaya, na Sudan kuma da sa'a biyu. A saita agogon kwamfutar ɗaukar hoto a kan UT, a haɗa shi da intanet ko da GPS domin kada ya zame, a daina lissafin canji da ka a tsakar dare.

Idan sanarwa ta shigo, abin da za a fara dubawa shi ne girman da'irar kuskure, wato filin saman da ake zaton fashewar na cikinsa, domin shi ke faɗa wa mai lura ko aikin nasa ne ko na wani. Faɗin wata a sama kusan minti 30 na kusurwa ne, wato rabin digiri. Na'urar Swift mai faɗin gani takan ba da da'ira ta kusan minti uku, wadda kowane ƙaramin madubi zai ɗauke ta a hoto ɗaya, kuma idan madubin eksire ya kama wurin, da'irar takan ragu zuwa 'yan daƙiƙoƙi na kusurwa, wato ɗigo guda a hotonka. Da'irar Fermi kuwa takan kai digiri da dama, ta shafe fili da ya ninka faɗin wata sau ɗaruruwa, kuma neman ɗigo ɗaya mai dusashewa a cikinta aikin manyan kyamarori masu faɗin gani ne irin ZTF da ke dutsen Palomar a Amurka. Ra'ayina shi ne mai ƙaramin madubi kada ya ɓata darensa kan irin wannan da'ira, ya jira har wani ya taƙaita ta, domin wani lokaci ana haɗa lokutan isowar hasken ga taurarin ɗan Adam da ke nesa da juna a fitar da wuri mafi daidai. Bayan girman da'ira sai a duba abubuwa uku cikin hanzari: ko wurin ya ɗaga sama da digiri 25 ko 30 daga gefen sararin sama, ko wata na kusa da shi kuma yana da haske, da kuma ko wurin ya faɗa kan farar hanyar taurarin gungunmu, inda ƙura ke cinye haske taurari kuma suka yi cunkoso.

Dalilin gaggawar yana cikin lissafi mai sauƙi. Masana taurari suna auna haske da magnitud, inda babbar lamba ke nufin raunin haske, kuma bambancin magnitud 5 na nufin ninki ɗari. Ragowar hasken yakan dushe kusan daidai da yadda lokaci ke ninkuwa: idan lokacin da ya wuce tun fashewar ya ninka goma, hasken yakan ragu kusan ninki goma, wato magnitud biyu da rabi. A ɗauki misalin hasken da ke kan magnitud 13 a minti na farko. A minti na goma zai koma 15.5, bayan minti ɗari ya kai 18, bayan kimanin sa'a 17 ya kai 20.5, bayan mako guda kuma 23. Madubi mai faɗin santimita 30 ko 40 da kyamara mai kyau zai iya kaiwa wajen 19 ko 20 idan an tara hotuna, saboda haka damarsa ta 'yan sa'o'i ce, daga nan sai manyan madubai. Wannan lissafin ya nuna wani abu da masu farawa ba su cika lura da shi ba: tsakanin minti na farko da na goma hasken ya canza daidai da yadda zai canza tsakanin kwana ɗaya da kwana goma. Hoto ɗaya da aka ɗauka a minti na biyar da ƙaramin madubi yana iya cike gurbin da babu wani ƙaton madubi da zai iya cikewa washegari.

Saboda haka a shirya komai tun da yamma. A sanyaya kyamara, a daidaita kaifin hoto, a tabbatar madubin yana zuwa daidai inda aka aike shi, a ɗauki hotunan gyara, wato na duhu da na shimfiɗar haske, waɗanda ake cire lahanin kyamara da su, a ajiye su. Inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, a sa madubi da kwamfuta a kan batir mai zaman kansa, domin katsewar minti biyar a farkon fashewa ba ta da magani. Da zarar madubi ya isa wurin, a fara da gajerun hotuna na daƙiƙa 10 zuwa 30 a jere, ba tare da tsayawa duba su ba, sannan a riƙa tsawaita su zuwa minti ɗaya, minti biyu, minti biyar, gwargwadon yadda lokaci ke tafiya. Gajerun hotuna da yawa sun fi dogon hoto guda amfani, tunda ana iya haɗa su daga baya idan hasken ya yi rauni, amma ba a iya raba dogon hoto idan ya zamana hasken ya yi ƙarfi yana canzawa da sauri. A riƙa gusar da madubin kaɗan tsakanin hoto da hoto domin lalatattun ɗigon kyamara kada su zauna a wuri ɗaya su yi kama da tauraro. Game da gilashin tace haske, idan madubin ƙarami ne a fara ba tare da shi ba ko kuma da na ja, saboda ragowar hasken yakan fi ƙarfi ta ɓangaren ja. Idan an kama shi kuma yana da ƙarfi, sai a riƙa sauya gilasai bi da bi domin a samu launinsa.

Wani lokaci saurin yakan biya fiye da yadda ake tsammani. A Janairu 1999 wata ƙaramar kyamara mai sarrafa kanta mai suna ROTSE da ke New Mexico ta kama GRB 990123 daƙiƙa 22 bayan farawarta, tana kan ci, hasken ya kai magnitud 9. A ranar 19 ga Maris 2008 kuwa GRB 080319B ta yi hasken da ido tsirara zai iya gani na kusan rabin minti, alhali hasken ya yi tafiyar shekara biliyan bakwai da rabi kafin ya iso. Masu sha'awa da ke aiki daga gida ma sun taɓa riga manyan cibiyoyi: Berto Monard na Afirka ta Kudu shi ya gano ragowar hasken GRB 030725 a 2003, Arto Oksanen na ƙasar Finland kuma ya gano na GRB 071010B a 2007.

Ga mai lura da ke ƙasar Hausa akwai riba da akwai cikas. Kano tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, wanda ke nufin ana ganin dukkan sararin arewa da mafi yawan na kudu, kuma madubai masu bin irin waɗannan sanarwa ba su da yawa a wannan yanki na Afirka. Cikas ɗin yanayi ne. Gajimaren damina yana rufe sama, hazon hunturu kuma, ko da taurari na bayyana, yana cinye haske yana kuma canza launinsa daga sa'a zuwa sa'a. Makonnin da ke tsakanin ɗaukewar ruwa da saukowar ƙura su ne suka fi tsabta. A daren hazo ana iya aiki, amma sai an dogara kacokan kan taurarin da ke cikin hoto ɗaya da abin da ake aunawa, domin ƙurar ta shafe su tare.

Mataki mafi buƙatar natsuwa shi ne tantance ko ɗigon da aka gani shi ne ake nema. A fara da daidaita hoton da taswirar sama ta yadda kowane ɗigo zai samu adireshinsa, aikin da manhajar Astrometry.net ke yi kyauta, sannan a zana da'irar kuskure a kai. A buɗe tsohon hoton wannan wuri daga taskar Pan-STARRS, wadda ta ɗauki dukkan sararin da ke arewa da digiri 30 na kudu, a jera su gefe da gefe. Abin da ake nema ɗigo ne da ke cikin sabon hoto amma babu shi a tsohon. Idan an same shi, sauran tambayoyi uku. Shin yana cikin hotuna da yawa a jere, ko kuwa a guda ɗaya kawai, wanda ke nuna tartsatsin ƙwayar sararin samaniya ce ta bugi kyamara? Shin yana gusawa tsakanin hoton farko da na ƙarshe? Idan yana gusawa, ɗaya ne daga duwatsun da ke kewaya rana, kuma shafin cibiyar Minor Planet Center zai nuna sunansa. Shin yana dusashewa? Wannan ita ce shaidar da ta fi kowace ƙarfi, domin tauraro mai canza haske ko wata sufanoba, wato fashewar tauraro mai mutuwa, da ta dace da wurin ba za su rasa magnitud guda cikin sa'a ɗaya su ci gaba da gangarawa a kan tsari ba.

Ana auna hasken ne ta hanyar kwatanta shi da taurari huɗu ko biyar da ke kusa da shi waɗanda aka san magnitud ɗinsu daga kundin Pan-STARRS ko APASS ko Gaia, a zaɓi waɗanda ba su cika kyamara ba kuma ba su canza haske. Manhajar AstroImageJ na yin wannan. Ga kowane awo a rubuta tsakiyar lokacin ɗaukar hoton, a cire lokacin fashewar daga ciki, domin abin da kowa zai yi amfani da shi ke nan. Sannan a tura rahoto ga GCN da wuri: wane madubi, wane gilashi, daƙiƙa nawa bayan fashewa, adireshin ɗigon, magnitud da kuskurensa, kundin da aka yi kwatance da shi, da kuma ko an cire tasirin ƙurar gungunmu ko ba a cire ba. Idan ba a ga komai ba, a rubuta hakan tare da mafi raunin hasken da hoton zai iya nunawa. Ina ganin wannan rahoto na rashin gani yana cikin abubuwan da aka fi rainawa ba bisa haƙƙi ba, domin shi ke gaya wa mai ƙaton madubi irin tsawon hoton da zai buƙata, kuma akwai rukunin fashe-fashe da ake kira masu duhu, waɗanda ke da hasken eksire amma babu na ido, da ba a san da su ba sai ta irin waɗannan rahotanni.

Rashin gani da hasken ido yana da dalilai biyu manya, kuma infirared ne ke raba su. Ko dai ƙura a cikin gungun taurarin da fashewar ta auku ta tare hasken, ko kuma fashewar tana da nisa ƙwarai. Faɗaɗar sararin samaniya tana miƙe zangon haske ta karkatar da shi zuwa ja, gwargwadon da ake rubutawa da harafin z, kuma iskar haidirojin da ke kan hanya tana shanye hasken da zangonsa ya gaza nanomita 121.6 a inda ya taso (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Idan z ya kai 6, wannan iyaka takan matso zuwa wajen nanomita 850, wato duk hasken ido ya tafi. Ƙura tana rage haske a hankali daga ja zuwa shuɗi, nisa kuwa yana datse shi lokaci guda, saboda haka ɗigon da ke haske a infirared amma ya ɓace ɗungurungum a gilashin da ke maƙwabtaka da shi alama ce ta nisa. Ta haka aka gane GRB 090423, wadda z ɗinta ya kai 8.2, ta fashe lokacin da sararin samaniya ke da shekara wajen miliyan 630 kacal. Tabbataccen nisa kuwa sai an rarraba hasken zuwa launukansa kamar bakan gizo an karanta layukan da ƙarfe da sauran sinadarai suka shanye, aikin da ke buƙatar madubai masu faɗin mita takwas zuwa goma irin VLT a Chile, Keck a Hawaii, ko GTC a La Palma, kuma a daren farko ko na biyu. Keck ne ya fara yin wannan ga GRB 970508, ya samu z na 0.835. Amfanin ƙaramin madubi a nan a bayyane yake: shi ke nuna wa babba inda zai duba tun hasken na da sauran ƙarfi.

Ɓangaren eksire ba ya buƙatar mallakar komai sai intanet. Cibiyar bayanan Swift da ke Jami'ar Leicester a Ingila tana fitar da zanen dusashewar kowace fashewa kai tsaye, kowa na iya sauke lambobin. A zana su tare da awon hasken ido a takarda ɗaya, da ma'aunin ninki goma-goma a kowane gefe, ta yadda dusashewa mai tsari za ta fito a miƙaƙƙen layi. Hasken eksire yakan fara da faɗuwa mai tsanani a mintunan farko, wadda ita ce wutsiyar fashewar kanta, sannan ya kwanta kusan a shimfiɗe na wasu sa'o'i, sannan ya kama gangara ta yau da kullum, wani lokaci da tsalle-tsallen haske a kai da ke nuna cewa abin da ke tsakiya yana harba feshin bai mutu ba tukuna. Abin da za a fi sa wa ido shi ne lanƙwasar da ke zuwa bayan kwana ɗaya ko 'yan kwanaki, inda layin ya ƙara tsananin gangara a dukkan zanguna lokaci guda, kamar yadda aka gani sarai a GRB 990510. Wannan lanƙwasa tana faruwa ne idan feshin ya rage gudu har gefensa ya bayyana, kuma daga lokacinta ake lissafa faɗin feshin, wanda sau da yawa 'yan digiri ne. Ba tare da ita ba za a ɗauka fashewar ta watsa haske ko'ina daidai, a ninka ƙarfinta sau ɗaruruwa fiye da gaskiya. Idan lanƙwasar ta bayyana a zango ɗaya kawai, to wani abu ne daban, kuma kada a yi gaggawar ba ta wannan suna.

A can saman ma'auni, hasken gamma mafi ƙarfi ana kama shi daga ƙasa ta hanyar ɗan walƙiyar shuɗi da yake haifarwa idan ya bugi iska. Madubin MAGIC na La Palma ya kama GRB 190114C kimanin minti ɗaya bayan fashewarta, H.E.S.S. da ke Namibiya ya bi GRB 190829A har dare uku, cibiyar LHAASO ta ƙasar Sin kuma ta samu ƙwayoyin haske da ƙarfinsu ya haura TeV 10 (TeV ma'aunin ƙarfin ƙwayar haske ne) daga GRB 221009A. Wannan ta ƙarshe, wadda ita ce mafi haske da aka taɓa gani, tana da darasi ga mai karanta sanarwa: ta makantar da na'urori da dama, Swift bai yi ƙara ba sai kusan sa'a guda bayan Fermi, kuma saboda wurinta na kusa da farar hanyar gungunmu an fara ɗaukarta wani abu ne na cikin gida, kafin VLT ya auna z na 0.151. Sanarwar farko zato ce mai kyau, a riƙa bin rahotannin da ke gyara ta.

Rediyo shi ne zangon haƙuri. Hasken yakan ƙaru na kwanaki ko makonni kafin ya fara raguwa, kuma ana iya bin sa watanni har shekaru da madubin rediyo irin VLA a Amurka, ATCA a Ostareliya, ko MeerKAT mai faifai 64 a Afirka ta Kudu. A makonnin farko awon yakan yi tsalle sama da ƙasa, kuma kada a ɗauki hakan a matsayin kuskure. Tushen hasken ƙarami ne ƙwarai, iskar gungunmu tana sa shi ƙyaftawa, kuma idan ya faɗaɗa ƙyaftawar takan tsaya. Dale Frail da abokan aikinsa sun ga haka a GRB 970508, inda ta lafa bayan kusan wata guda, suka yi amfani da ita wajen nuna cewa abin yana faɗaɗa da gudun da ya kusa na haske. Daga baya, idan feshin ya rage gudu ya bazu ko'ina, awon rediyo ne ke ba da jimillar ƙarfin fashewar ba tare da dogaro da faɗin feshi ba.

Kada a rufe littafin da zarar ɗigon ya yi rauni. Idan fashewar doguwa ce, wato ta wuce daƙiƙa biyu, kuma tana kusa, a koma wurin daga mako na biyu zuwa na huɗu, domin sufanobar tauraron da ya mutu takan taso ta yi tudu a kan layin dusashewa, launin ya koma ja, kamar yadda SN 2003dh ta fito daga ƙarƙashin GRB 030329. Idan gajeriya ce, abin nema shi ne kilonoba, wato hasken tarkacen da karon taurarin niyutiron ke watsawa, wadda ke dushewa cikin kwanaki tana gudu zuwa infirared. GRB 170817A ta 17 ga Agusta 2017 ta nuna yadda jadawalin zai iya juyewa: ta iso daƙiƙa 1.7 bayan girgizar nauyi, wato motsin sarari da karon taurarin ya haifar, wadda na'urorin LIGO da Virgo suka ji, madubin Swope mai faɗin mita ɗaya a Chile ya gano kilonobar a gungun NGC 4993 bayan kimanin sa'a 11, amma tauraron ɗan Adam na Chandra bai ga eksire ba sai a kwana na tara, rediyo sai a kwana na goma sha shida, kuma hasken ya ci gaba da ƙaruwa har wajen wata biyar, saboda feshin bai fuskanto mu kai tsaye ba. Wanda ya duba sau ɗaya a makon farko ya tafi, da ya rubuta cewa babu ragowar haske.

Hoto na ƙarshe ana ɗaukarsa ne watanni bayan komai ya lafa, da madubi ɗaya da gilashi ɗaya da aka yi amfani da su tun farko, kuma mai zurfi gwargwadon iko. Abin da ya rage a wurin shi ne gungun taurarin da fashewar ta auku a cikinsa, kuma haskensa yana gauraye a cikin duk awon da aka yi a baya, musamman na kwanakin ƙarshe, inda yakan sa layin dusashewa ya yi kamar ya kwanta. A cire wannan hoto daga tsoffin, a sake auna kowane ɗigo, a sake zana layin, sannan a ajiye ainihin hotunan tare da na gyara da bayanin lokutansu a inda wani mai bincike zai iya samunsu ya haɗa da nasa.